Wanda Ya Biya, Shi Aka Sa wa Takunkumi



Yau za mu leƙa Amurka da Turai, mu koma farkon shekarun 2000, lokacin da manyan kamfanonin faifan waƙa suka ɗaura ɗamarar yaƙi da masu satar fasaha, amma suka ƙare da faɗa da mutanen da ke ciyar da su, wato masu fitar da kuɗi su sayi faifai na gaskiya.

A shekarar 1999 wani ɗalibi a birnin Boston mai suna Shawn Fanning ya fito da manhajar Napster. Abin da take yi ba wuya: duk waƙar da ke cikin kwamfutarka, wani a wata ƙasa zai iya kwasarta ta intanet kyauta, kai ma ka kwashi tasa. A lokacin cinikin faifan CD yana kan ganiyarsa, sai hankalin kamfanoni ya tashi. Suka kai ƙara, aka rufe Napster a 2001, amma kafin a juya wasu irinta sun ɓullo, su Kazaa da LimeWire. Daga nan kamfanonin suka koma kan ɗaiɗaikun mutane. A watan Satumba na 2003 ƙungiyarsu ta Amurka ta maka mutum 261 a kotu a tashi ɗaya, ciki har da wata yarinya 'yar shekara 12 a New York, wadda sai da mahaifiyarta ta biya dala 2,000 aka rabu da su. Wata mata a jihar Minnesota, a kan waƙa 24 aka yanke mata tarar dala 222,000. Da aka sake shari'ar, tarar ta haura dala miliyan 1 da dubu 900, kafin daga baya a dawo da ita inda take da farko. Zuwa ƙarshen 2008 da suka haƙura da wannan hanya, sun bi mutum sama da 30,000, kuma kwafar waƙa ba ta tsaya ba.

Hanya ta biyu ita ce maganarmu ta yau: sa wa faifan kansa kulle.

Faifan CD na asali, wanda Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan suka fito da shi a farkon shekarun 1980, ba shi da kulle ko kaɗan. Duk na'urar da ka sa shi za ta karanta. Don haka mai son hana kwafa dole ya lalata faifan da gangan, ya cusa masa wasu kurakurai da rediyon ɗaki za ta tsallake amma kwamfuta ta rikice. Haka kuwa aka yi. Sai dai ba kwamfuta kaɗai ta rikice ba. Mutum ya sayi sabon faifai, ya sa a rediyon motarsa, ta tofo shi. A 2002 wani faifan Celine Dion da aka sayar a Turai ya riƙa maƙalewa cikin wasu kwamfutocin Apple, har sai an kai wa mai gyara. Kamfanin Philips da kansa ya fito ya ce waɗannan faya-fayan sun saɓa ƙa'ida, bai kamata a buga musu tambarin CD ba.

Abin dariya, a wannan shekarar aka gano cewa idan ka ɗauki alƙalamin maka na allo ka ja baƙin layi a gefen faifan, shi ke nan kullen ya tashi daga aiki. A 2003 kuma wani ɗalibin jami'ar Princeton, John Halderman, ya nuna cewa wani sabon kulle da kamfanin SunnComm ya ƙera, danna maɓalli guda a kwamfuta lokacin sa faifan ya isa ya kashe shi. Maimakon kamfanin ya ji kunya, sai ya yi barazanar neman diyyar dala miliyan 10 daga yaron. Suna da abin dogaro, domin tun 1998 Amurka ta yi dokar da ta haramta karya irin wannan kulle, ko da faifan naka ne, da kuɗinka ka saya. Da surutu ya yi yawa suka janye.

Sai babbar badaƙala, a 2005. Wani masanin kwamfuta mai suna Mark Russinovich yana binciken na'urarsa, ya ci karo da wata manhaja da ta ɓuya a can cikin hanjin Windows, irin ɓuyar da manhajojin 'yan kutse ke yi. Ya bi sawu, sai sawun ya kai shi ga wani faifan waƙa na kamfanin Sony BMG, na wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Van Zant, wanda ya saya da kuɗinsa. Ranar 31 ga Oktoba ya fasa ƙwai.

Ku saurari abin da faifan yake yi. Da ka sa shi a kwamfuta zai nuna maka doguwar yarjejeniya, irin wadda ba mai karantawa. Ka danna amincewa, sai ya dasa manhajar da wani kamfanin Birtaniya, First 4 Internet, ya rubuta. Manhajar ta ƙayyade maka kwafi 3 kacal, ba ta barin ka zuba waƙoƙin kai tsaye cikin iPod, wadda ita ce na'urar sauraro da ake yayi a lokacin, tana aiki a ɓoye ko ba ka sauraron komai, kuma duk sanda ka kunna faifan tana tuntuɓar kwamfutocin Sony. Ba a tanadi hanyar cire ta ba. Da Russinovich ya goge ta da hannu, sai ma'ajin faifan kwamfutarsa ya daina aiki gaba ɗaya. Kamar ka sayi buhun gero ne, mai shago ya biyo ka gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure yana ƙirga sau nawa aka ɗiba, kuma ya cire sakatar ƙofa don ya riƙa shiga da fita.

Cire sakatar nan ita ce ta fi muni. Dabarar da manhajar ke ɓuya da ita ba ta bambance nata da na wani: duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa na musamman, sai ya ɓace wa idon mai kwamfuta da idon manhajar tsaro. Ba a yi mako biyu ba 'yan kutse suka saki ƙwayoyin cutar kwamfuta masu amfani da wannan kafa. Da aka matsa wa Sony lamba ta fito da maganin cirewa, sai ka cike fom ka ba da adireshinka kafin a ba ka, kuma masana suka gano maganin ya buɗe wata kafar da ta fi ta farko girma. Wani babban jami'in kamfanin, Thomas Hesse, da gidan rediyon NPR ya tambaye shi, cewa ya yi yawancin mutane ba su ma san mene ne wannan abu ba, to me zai sa su damu. Ni dai ban taɓa jin amsar da ta fi wannan nuna yadda ɗan kasuwa ke kallon abokin cinikinsa ba. Har wani jami'in ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, Stewart Baker, sai da ya tuna wa kamfanonin cewa fasahar tasu ce, amma kwamfutar ba tasu ba ce.

Ga kuma wani abin kunya a kan abin kunya: masu bincike sun gano cewa a cikin manhajar da aka rubuta don kare haƙƙin mallaka, akwai sassan da aka kwaso daga aikin wasu masu rubuta manhaja ba tare da bin sharuɗɗansu ba.

Faifai iri 52 ne ke ɗauke da wannan manhaja, kuma sama da kwafi miliyan 2 sun riga sun shiga hannun jama'a. Idan aka haɗa da masu ɗauke da ɗaya kullen na SunnComm, wanda shi ko ka ƙi amincewa da yarjejeniyar sai ya dasa kansa, lissafin ya kai wajen miliyan 22. Jihar Texas ta kai ƙara, wasu suka biyo baya, aka janye faya-fayan daga kasuwa, kuma a farkon 2007 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta sa Sony BMG biyan har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace.

To jama'a, a duk wannan hidima, wa ya sha wahala? Wanda ya kwaso waƙar kyauta a intanet, tasa tana kunnuwa a mota, a waya, a ko'ina, ba abin da ya taɓa kwamfutarsa. Wanda ya je shago ya biya shi aka ƙuntata wa. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma tun farko dabarar ba za ta yi aiki ba, domin kwafi guda tak ake buƙata ya fita ba kulle, daga nan ya zaga duniya. Sau da yawa ma wannan kwafin ba daga hannun mai saye yake fita ba. Ɗan jarida Stephen Witt ya bi diddigin wani ma'aikaci a masana'antar buga faifai ta Universal da ke Kings Mountain a jihar Carolina ta Arewa, wanda ta hannunsa faifai kusan 2,000 suka fita tun kafin ranar sakinsu, ana ɓoye su a bayan kan bel a wuce masu gadi. Ɓarakar tana cikin gida, ana ta caje baƙi.

Wani zai ce ai don kare mawaƙa aka yi. Mu tambayi mawaƙan. Da yawansu ba a ko shawarce su ba kafin a sa wa faifansu kulle, amma su masoya suka zaga. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar Switchfoot ya fito ya ba masoyansu haƙuri, har ya koya musu yadda za su kauce wa kullen. 'Yan ƙungiyar My Morning Jacket kuwa da kansu suka riƙa kwafar faifansu ba kulle suna aika wa waɗanda suka yi ƙorafi. Mawaƙi yana satar waƙarsa don ya wanke kansa a wajen mai ƙaunarsa, ka ji inda aka kai.

Dalili shi ne a tsarin manyan kamfanoni, galibi asalin naɗin waƙar ba na mawaƙi ba ne, na kamfani ne. Za a ba ka kafin alƙalami mai tsoka, ka yi murna, alhali bashi ne. Kuɗin sutudiyo, kuɗin ɗaukar bidiyo, wani ɓangare na talla, duk daga ɗan kasonka za a cire, kason da sau da yawa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Sai an gama cirewa za ka fara ganin kwabo, kuma bayan ka biya bashin, naɗin yana nan a hannun kamfani. 'Yan matan ƙungiyar TLC sun shiga kotu a 1995 suna bayyana cewa sun tsiyace, a daidai lokacin da faifansu ke sayuwa miliyoyi. Mawaƙi Prince, a rikicinsa da kamfanin Warner, ya riƙa fitowa bainar jama'a da kalmar bawa rubuce a kumatunsa, kuma sai a 2014 ya karɓo ikon tsofaffin waƙoƙinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Su kuma masu saye ba su tsira ba: a 2002 manyan kamfanoni 5 da wasu manyan shaguna 3 sun amince su biya sama da dala miliyan 67, ban da faya-fayan da za su raba kyauta, don kashe ƙarar da jihohi suka shigar ta zargin haɗa baki a tsawwala farashi.

Da ciniki ya koma intanet, kullen ya bi shi. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙa ɗaya santi 99, amma a na'urorinsa take kunnuwa da wasu 'yan kwamfutoci ƙidayayyu. Microsoft ma yana da nasa shagon, MSN Music, da nasa kullen. Bayan ya rufe shagon, a 2008 sai ya sanar cewa zai kashe kwamfutocin da ke ba da makullan. Ma'ana, duk waƙar da ka saya, ranar da ka sake kwamfuta ta tafi. Sai da aka yi ca a kansa ya ɗage zuwa 2011. A lokacin ne mutane da yawa suka gane cewa ba saye suka yi ba, haya suka ɗauka ba su sani ba.

A watan Fabrairu na 2007 shugaban Apple, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kira a watsar da kullen. Hujjarsa: a 2006 waƙoƙin da aka sayar da kulle ta intanet ba su kai biliyan 2 ba, alhali kamfanonin da kansu sun sayar da sama da biliyan 20 a faifan CD marar kulle. Kada dai mu ɗauke shi waliyyi, domin a lokacin hukumar kare masu saye ta ƙasar Norwe ta riga ta taso kamfaninsa a gaba kan wannan batu, kuma kullen ya taimaka masa wajen sayar da iPod. Amma lissafin nasa daidai ne. Kamfanin waƙa na EMI ya fara sakin waƙoƙinsa ba kulle a wannan shekarar, Amazon ya buɗe shago marar kulle, zuwa 2009 iTunes ya cire nasa. Sama ba ta faɗo ba.

Ana cikin wannan hayaniya wasu suka ce su kam sun daina ba manyan kamfanoni kuɗinsu, za su nemi mawaƙa masu cin gashin kansu. Hanyoyi suka buɗe. Tun 1998 wani mawaƙi, Derek Sivers, ya kafa CD Baby don sayar da faifan duk wanda ba shi da kamfani. A 2007 ƙungiyar Radiohead ta Ingila, bayan kwantiraginta da EMI ya ƙare, ta saki sabon kundinta ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama. Da yawa ba su biya komai ba, wasu kuma suka biya, kuma abin da aka biya bai bi ta hannun kowa ba. Sai dai a faɗi gaskiya, sunan da suka yi ciniki da shi, da kuɗin EMI aka gina shi. Ƙaramin mawaƙin da ba a sani ba, in ya ce a biya abin da aka ga dama, zai iya kwana da yunwa. Wanda ya fi amfanar ƙanana shi ne Bandcamp, da aka kafa a 2008: mawaƙi ya sa farashinsa, dandalin ya cire kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, mai saye ya sauke waƙarsa ba kulle, ta zama tasa. Ranar 20 ga Maris na 2020, da annobar korona ta hana wasanni, dandalin ya yafe kasonsa na yini guda, masoya suka kashe dala miliyan 4 da dubu 300 a ranar. Shi ma dai an sayar da shi sau biyu, a 2022 da 2023, don haka ba abin jingina ba ne har abada.

Akwai labarin da ya haɗa wannan magana da ƙasarmu kai tsaye. Mdou Moctar, Ba'abzinen makaɗin gita daga jihar Tawa a Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran murya na na'ura da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani, ba talla. Waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har suka kai Kidal a arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su. Da ya tashi fitar da tarin waƙoƙin da ya tsinto a wayoyi a 2011 ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds, sai ya bi mawaƙan ɗaya bayan ɗaya ya nemo su, aka ware musu kashi 60 cikin 100. Yau Mdou Moctar yana zaga duniya da gitarsa. Da a ce waƙar tana da kulle, da ba ta bar Sakkwato ba. Amma ku lura da rabi na biyu na labarin, don shi aka fi mantawa: duk yawon da waƙar ta yi a wayoyi, bai sa masa ko dala a aljihu ba, sai da aka sami wanda ya neme shi ya biya.

Wannan rabi na biyun shi ne ciwonmu. Mu nan ba kulle ne ya dame mu ba. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko kowace tasha, ka miƙa wa masu turi memori, da ɗan canji kaɗan za a cika maka shi da waƙoƙi ɗaruruwa. Mai turi ya samu, mai caji ya samu, wanda ya biya kuɗin sutudiyo da makaɗin fiyano da 'yan amshi bai ga komai ba. Haushin Sony ba zai zama hujjar cin gumin yaron da ke Fagge ko Zinder ba, shi da ba shi da lauya ko ɗaya. Kuma idan mai sauraro bai biya ba, wani zai biya, shi ne kuma zai zaɓi abin da za a rera. Shi ya sa mawaƙi mai basira, wanda zai iya yi mana waƙar noma ko ta halin da asibitocinmu ke ciki, yake ƙarewa a waƙar ɗan takara da ta amarya da ango. Ban ga laifinsa ba, da iyali a gabansa. Alhali biyan mawaƙi hannu da hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da iyayen gida a fada, amma Shata da Ɗan Maraya Jos da kyautar jama'a suka yi arziki, direba da ɗan kasuwa da ma'aikaci, kowa ya tashi a fili ya yi abin da zai iya.

Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma a cikinta akwai hani ga karya kullen fasaha, irin wanda Amurka ta yi a 1998. Ba na adawa da dokar, mawaƙanmu suna buƙatar kariya daga masu buga aikinsu suna sayarwa. Roƙona ga hukumar da ke aiwatar da ita shi ne ta sa ido kan mai kwafa don kasuwanci, ta bar mutumin da ya sayi abu yana son ya mayar da shi daga tsohuwar wayarsa zuwa sabuwa.

Yanzu kuma zamanin sauraro kai tsaye ne, su Spotify da Boomplay da Audiomack. Kullen ya dawo, ba wanda ya yi ƙorafi, saboda wannan karon an faɗa maka haya ce: ka daina biyan kuɗin wata, waƙoƙin da ka adana su rufe. Yana da sauƙi, ni ma ina amfani da shi. Amma ku san inda kuɗinku ke tafiya. A Spotify ana tara kuɗin masu sauraro ne wuri guda a raba gwargwadon yawan sauraro, don haka ko mawaƙi ɗaya ka saurara duk wata, kaso mafi tsoka na kuɗinka yana tafiya ga manyan taurari da kamfanoni ukun da suka rage, Universal da Sony da Warner. Kuma tun 2024, waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin shekara ba, ba a biyan mai naɗinta komai. Ke nan idan akwai wani ƙaramin mawaƙi da kake jin daɗin waƙarsa, ka nemi lambar asusunsa ta hanyar da shi da kansa ya bayar, ka tura masa naira 500, ko ka sayi tikitin wasansa na Sallah, abin da ya shiga hannunsa daga gare ka kai kaɗai ya fi abin da sauraro 999 zai kawo masa a can.